PS5 ko PS5 Pro? Amsa ga mai shirin ajiye PS4 a Kano

Wani matashi daga Rijiyar Zaki ya aiko da tambaya yana cewa shekara shida ke nan yana buga PS4, kuma ya tara kuɗi a hankali da niyyar sauya ta. Abokansa sun rabu gida uku: wasu sun ce ya daure ya sayi PS5 Pro tunda ita ce sabuwa, wasu sun ce Xbox Series S ta fi sauƙi, wani kuma ya nuna masa Nintendo Switch 2. Matashin ya ce talabijin ɗinsa mai inci 43 ne, na 1080, wutar unguwarsu ba ta da tabbas, intanet ɗinsa kuma data ce da yake saye wata-wata. Ƙwallo ya fi bugawa, sai wasannin labari idan ya samu hutu.

Ƙanena, tun da ka ambaci talabijin da wuta da data ka riga ka amsa rabin tambayarka, domin waɗannan ukun su ne masu yanke hukunci a Kano, kuma su ne masu tallar na'ura a Amurka da Turai ba sa tunawa da su. Shawarata ita ce ka sayi PS5 ta gama-gari, siririyar, mai cin faifai, ka bar Pro, sannan rarar kuɗin ka kashe ta a kan wuta da ƙarin hannun buga wasa guda ɗaya. Zan faɗi dalilaina dalla-dalla, don idan yanayinka ya canja gobe ka iya sake lissafin da kanka.

Na fara wannan sha'awa ne tun muna tara kuɗin tara mu kai gidan gem bayan an tashi daga makaranta, lokacin da wasan ƙwallon Winning Eleven ke magana da Japananci, babu mai jin ko kalma ɗaya a cikinmu, kuma kowa ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudunsa da ƙarfin ƙafarsa. Daga baya na koma buɗe na'urorin nan ina gyarawa. Na ga zuwan PS2 a 2000, wadda har yau babu na'urar Sony da ta kai ta sayuwa, da PS3 a 2006, da PS4 a 2013, kuma a kowane zango abin da ake nuna wa mai saye shi ne kyan hoto. Da PS5 ta fito a Nuwamban 2020, kyan hoton ya ƙaru, amma ba shi ne babban sauyin ba.

Babban sauyin yana wurin ma'ajiya. PS4 ɗinka tana ajiye wasanni ne a kan faifan ƙarfe mai juyawa, irin na tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, shi ya sa kake zaman jiran minti guda ko fiye kafin wasa ya buɗe, kuma shi ya sa masu tsara wasanni suka riƙa cusa dogayen lunguna da matsatsun hanyoyi da ɗan wasa zai ratsa a hankali, don na'urar ta samu lokacin ɗauko abin da ke gaba. PS5 tana amfani da ma'ajiyar SSD, wadda babu abin da ke juyawa a cikinta, kuma tana iya karanta gigabait 5.5 a daƙiƙa guda. Jiran minti ya koma na 'yan daƙiƙoƙi. Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar sarrafawa. Ta PS4 mai rauni ce tun ranar da aka ƙera ta, tana gudu a kan gigahaz 1.6, wanda ya tilasta wa yawancin manyan wasanni tsayawa a hoto 30 cikin daƙiƙa. Ta PS5, ƙirar Zen 2 ta kamfanin AMD, tana kai wa gigahaz 3.5, saboda haka hoto 60 cikin daƙiƙa ya zama abin da aka saba. Wannan santsin motsi za ka gan shi ƙarara a talabijin ɗinka na 1080 ba tare da ka sauya komai ba. Ƙari a kan haka akwai hannun DualSense, wanda maɓallansa na baya suke yin tauri ko laushi gwargwadon abin da ke faruwa a wasan, ta yadda jan baka yake da nauyinsa daban, taka birkin mota daban. Bayani ba ya isar da wannan, sai ka riƙe da hannunka.

To, mene ne Pro ta ƙara? Ta fito ranar 7 ga Nuwamban 2024 a kan dala 699.99, alhali ta gama-gari mai faifai ta fara ne a kan dala 499. Sony ta ce sashen zana hotonta ya fi girma da kashi 67 cikin ɗari, ma'adanarta ta wucin gadi ta fi sauri da kashi 28, kuma idan aka haɗa tana iya zana hoto da saurin da ya ɗara na gama-gari da kashi 45. Tana da ma'ajiya mai terabait 2, da wata fasaha mai suna PSSR da ke ɗaukar hoto mai ƙarancin ɗigo ta cike shi ya yi kama da na 4K. Duk wannan gaskiya ne, kuma na ga bambancin da idona. Sai dai na gan shi ne a babban talabijin na 4K, ina zaune kusa da shi. Allon 1080 yana ɗauke da ɗigo kusan miliyan 2, na 4K kuwa ya haura miliyan 8, kuma aikin Pro kusan duka a kan cike waɗannan miliyan 8 ne ba tare da motsi ya ragu ba. Idan ka jona ta a talabijin ɗinka, yawancin abin da ka biya zai tsaya a cikin waya bai iso idonka ba. Ƙwaƙwalwar sarrafawarta kusan ɗaya ce da ta gama-gari, babu wani wasa da ke buɗewa a Pro kaɗai, kuma a ƙwallon da ka fi bugawa, inda kyamara ke nesa da 'yan wasa, da wuya ko abokinka mai ba ka shawarar ya iya nuna maka bambancin.

Abin da ya fi damuna game da Pro a nan garin shi ne ba ta zuwa da wurin faifai. Sai ka saye shi daban, kuma an sa masa dala 79.99. A ƙasar da intanet ke shigowa gida ta waya ba iyaka wannan ƙaramin al'amari ne, amma a wurinmu faifai dukiya ne. Faifan PS5 yana ɗaukar har gigabait 100, kuma akwai wasannin da girmansu ya kai haka ko ya wuce, ka lissafa da kanka datar wata nawa ke nan. Gaskiya ne ko da faifai za a nemi ka sauke gyare-gyaren da kamfani ke turowa, wani lokaci masu nauyi, amma gangar jikin wasan tana kan faifan, kuma yawancin wasannin labari za ka iya buga su daga farko har ƙarshe ba ka kunna data ba. Sannan faifai ana aronsa, ana musayarsa, ana sayar da shi idan an gama. Wanda ya gama wasa ya kai shi Beirut Road ya cika kuɗi kaɗan ya karɓo wani ya san abin da nake nufi. Wasan da ka saya ta intanet kuwa yana maƙale da asusunka har abada, ba ka da ikon sayar da shi ko da ka gaji da shi a mako guda. Kar ka manta kuma da faya-fayan PS4 da ka tara cikin shekara shida: PS5 tana buga mafi yawan wasannin PS4, waɗanda suka haura 4,000, wasu ma sun fi gudu a kanta, amma sai idan tana da bakin da za ta karɓi faifan. Abu ɗaya da za ka kiyaye game da siririyar, wadda ta fito a ƙarshen 2023 da terabait 1, shi ne wurin faifanta cire shi ake yi, kuma yana buƙatar a jona intanet sau ɗaya a farko don ya yi rajista da na'urar. Ka tabbata an yi wannan a gabanka a shago.

Wannan dalilin ne ya sa ban ba ka shawarar Series S ba, duk da ina ganin ƙimarta. Ƙarama ce, ta fito a kan dala 299, ba ta cin wuta sosai, tana da SSD da ƙwaƙwalwar zamani, kuma allon 1080 shi ne daidai ita. Amma ba ta da wurin faifai ko kaɗan, ba a kuma sayar da na jonawa, kuma ta farkon gigabait 512 kawai gare ta, wanda abin da ya rage wa wasanni bai kai 400 ba. An gina ta ne don mai biyan Game Pass, tsarin hayar wasanni na Xbox, wata-wata yana sauke wasa yana gogewa, wato mai intanet marar iyaka da katin da ke biyan dala ba tangarɗa. A gwajina kuma, hannayen Xbox da kayan gyaranta sun fi wuyar samu a Kano, kuma idan ka tashi sayarwa masu tayawa kaɗan ne. Switch 2 kuwa, wadda ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan dala 449.99, tana da wata falala da sauran ba su da ita: batir gare ta da allo mai inci 7.9, don haka ɗaukewar wuta ba ta katse maka wasa, kuma ko a jone da talabijin abin da take ci bai kai wat 30 ba. Da ka ce mini kai matafiyi ne, ko Mario da Zelda ne abin ƙaunarka, da na karkata can. Amma kai mutumin ƙwallo ne da abokai a falo, kuma abokanka a PlayStation suke.

Tun da na ambaci ƙwallo, akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun saya. Tun da kamfanin EA, mai yin wasan ƙwallon, ya rabu da hukumar FIFA wasan ya koma EA Sports FC a 2023, ana fitar da shi iri biyu, na PS4 da na PS5, kuma ba sa haɗuwa a intanet: mai PS4 da mai Xbox One yake karawa, mai PS5 kuma da masu Series da kwamfuta. Idan abokanka suna kan PS4 har yanzu, sai ka buɗe nau'in PS4 a kan sabuwar na'urarka kafin ku haɗu. Haka nan tsofaffin hannayenka na DualShock 4 za su yi aiki a PS5, amma a wasannin PS4 kawai. Don haka ka sa kuɗin DualSense na biyu a lissafi tun yanzu, domin ɗaya ne ke zuwa a kwali. Dalilin da ya sa nake ganin lokacin sauyawa ya yi maka shi ne manyan wasanni sun fara juya wa PS4 baya, kamar Spider-Man 2 na 2023 da Astro Bot na 2024, kuma GTA VI da kowa ke jira an sanar da shi ne ga PS5 da Xbox Series kaɗai.

Yanzu batun wuta, wanda shi ne ya fi kawo mini na'urori kan teburin gyara. PS5 tana cin kusan wat 200 a tsakiyar babban wasa, talabijin kuma ka ba shi kamar 100, wato awa uku na wasa sun kusa cinye yunit guda na mita. Idan inbata gare ka mai batir ɗaya na bolt 12 da amfiya 200, a takarda wat 2,400 na awa guda ke ciki, amma batirin ruwa ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, kuma inbatar kanta tana shan nata kason, saboda haka abin da za ka samu bai wuce awa uku zuwa huɗu ba, idan babu fanka da firji a kai. Na'urar tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ko daga Amurka ko Japan ta zo ba ta buƙatar abin rage wuta, kan soket kawai za a sauya. Ɗaukewar wuta ba ita ce ke ƙona ta ba. Dawowarta da ƙarfi ce, da wutar da ke hawa tana sauka da daddare, da ƙaramin injin da ke tangal-tangal idan mai ya kusa ƙarewa. Na taɓa rasa tawa PS4 ta haka, an kawo wuta da asuba ina barci, ita kuma tana jone kai tsaye a bango. Tun daga ranar ba na jona na'ura sai ta bayan sitabilaiza mai jinkirta sakin wuta, kuma wanda ya samu hali ya ƙara UPS ko inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta, don idan an ɗauke ya samu mintunan ajiye wasa ya kashe cikin natsuwa. Akwai kuma yanayin hutu, wanda fitilar na'urar ke komawa ruwan lemo tana sauke abubuwa a ɓoye. An yi shi ne don ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. A nan, idan aka ɗauke tana cikinsa, za ta tashi tana duba ma'ajiya tana gyara, kuma yawan haka yana iya lalata abin da ka ajiye. Ka riƙa kashe ta gaba ɗaya, ka jira fitilar ta mutu, sannan ka zare.

Zafi da ƙura su ne abokan gaba na biyu. Sony ta rubuta cewa a yi amfani da na'urar tsakanin digiri 5 zuwa 35, kai kuma ka san abin da Afrilu ke yi a Kano, inda ake wuce 40 a inuwa. Kar ka kulle ta a cikin kabad ɗin talabijin, kar ka manna bayanta da bango, kuma kar ka ajiye ta a kan kafet, domin daga gaba da gefe take jan iska ta fitar ta baya. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya ta da ramukan sashen wuta, sai ka ga tana mutuwa da kanta a tsakiyar wasa mai nauyi alhali a ƙaramin wasa lafiya lau take. Murafenta na gefe ana zare su da hannu ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba, kuma yin haka ba ya taɓa garanti, don haka duk wata biyu ko uku ka buɗe ka zuƙe ƙurar da ke kan fanka, ka lulluɓe ta da ƙyalle idan ta huce ba ka amfani da ita. Abin da ba na so ka bari a yi shi ne wani ya buɗe cikinta da sunan sauya man sanyaya kamar yadda ake yi wa PS4. PS5 narkakken ƙarfe ke tsakanin ƙwaƙwalwarta da abin sanyayawa, yana ɗaukar lantarki, kuma ɗigo ɗaya idan ya zuba a kan allon ciki ya isa ya kashe ta. Mai gyaran waya, komai ƙwarewarsa a Farm Centre, idan bai taɓa wannan aikin ba kar ya koya a kan taka.

Game da saye, farashin naira ba zan faɗa maka ba, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024, farashin yau ba ya kai wa mako. Ita ma Sony ta ƙara dala 50 a kan kowace PS5 a Amurka a Agustan 2025, abin da ba a saba gani ba, domin a da na'ura sauka take yi idan ta tsufa. Ma'anar wannan ita ce jira ba lallai ya kawo maka sauƙi ba. Idan ta hannu za ka saya, babu laifi, amma sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Ka duba lambar ƙira a jikinta: CFI-1000 da 1100 da 1200 su ne masu ƙiba, kuma ta 1200 ta fi 'yan uwanta sauƙin cin wuta, CFI-2000 da abin da ya biyo ta siririya ce, CFI-7000 kuma Pro. Ka haska bakin HDMI, inda wayar talabijin ke shiga, da fitilar waya ka ga ko haƙoransa sun lanƙwashe, domin shi ne ya fi lalacewa. Ka sa faifai ka buga babban wasa na rabin awa kana sauraron fanka. Ka saki sandunan hannun ka ga ko ɗan wasa yana tafiya da kansa, cutar da ke kama hannayen nan idan abin auna motsin ya cinye, kuma ƙurarmu tana gaggauta ta. Mafi muhimmanci, ka shiga asusunka na PlayStation a kanta tun kana shagon, domin na'urar da Sony ta toshe ba za ta sake shiga intanet ɗinsu ba, kuma daga waje ba a gane ta. Ka yi hattara da wadda aka ce an cika ta da wasanni a kan asusun wani, domin ranar da mai asusun ya sauya kalmar sirri wasannin sun tafi. Akwai kuma nau'in Switch 2 da na PS5 marar faifai da aka yi wa kasuwar Japan kaɗai a farashi mai rahusa, waɗanda Japananci kawai suke nunawa kuma asusun Japan kawai suke karɓa, don haka araha mai yawa a kan kayan Japan abin tambaya ce.

Asusun kansa yana da nasa tarko. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa yawancinmu muke kan na Amurka ko Ingila, kuma ba a sauya ƙasa bayan an buɗe. Faifan kowace ƙasa zai buɗe a na'urarka, amma ƙarin abubuwan da ake saye a cikin wasa sai ƙasar faifan ta dace da ta asusun, kuma katin kuɗin da za ka saya ma dole ya zama na ƙasar asusun. Ka ci gaba da asusun da kake da shi a PS4, kofunanka da abin da ka saya za su biyo ka, kuma za ka iya kwashe ajiyar wasanninka daga tsohuwar zuwa sabuwar ta wayar LAN kafin ka rabu da ita. Idan gurbi ya cika nan gaba, akwai ramin ƙara SSD irin M.2 a ƙarƙashin murfi, ana son mai saurin megabait 5,500 a daƙiƙa da abin sanyayawa a jikinsa. Ma'ajiyar waje ta USB kuwa tana buga wasannin PS4 kai tsaye, na PS5 kuma ajiye su kawai take yi sai ka mayar da su ciki, wanda duk da haka ya fi sake saukewa da data nesa ba kusa ba.

PS4 ɗin kuma, idan ba kuɗinta kake buƙata don cikawa ba, kar ka yi gaggawar sayar da ita. Gidajen gem na unguwanni har yanzu ita suke nema, don haka ba za ta rasa mai saye ba ko nan da shekara guda, kuma idan akwai ƙanne a gida, ita ce za ta raba ka da rigimar wa zai riƙe sabon hannu. Ranar da ka sayi talabijin na 4K mai bakin HDMI 2.1, wanda ke iya nuna hoto 120 cikin daƙiƙa, ka sake aiko mini da tambayar Pro, sai mu duba abin da ke kasuwa a lokacin.